In Allah Ya kai ka Elmina, fara hawa tudun nan tukuna

Yawancin masu zuwa Elmina a gaɓar tekun Ghana kai tsaye suke faɗawa cikin tsohon ginin kagarar turawa da ke garin, su ɗau hoto su fito. Ni dai shawarata ka fara hawa tudun St. Jago da ke kallon ginin, da safe fa kafin rana ta buɗe, 'yan mintuna ne a ƙafa. Daga can sama za ka gane yadda aka yi yaƙin ƙwace ginin.

Turawan Fotugal ne suka yi wannan ginin a 1482 saboda cinikin zinare, suka riƙe shi shekara 155, sai a 1637 turawan Holan suka jawo igwa suka hau da ita kan tudun nan suka dinga luguden wuta daga sama, cikin 'yan kwanaki na ciki suka miƙa wuya. Shi ya sa da suka karɓe wajen suka gina wata kagara a kan tudun don kar wani ya musu irin abin da suka yi. Tsaya nan ka leƙa ƙasa, ginin gaba ɗaya a tafin hannunka yake, ga kwale-kwalen masunta cike da bakin ruwa.

In ka sauko ka biya kuɗin shiga, sidi, kuɗin Ghana, suke karɓa, ka bi ɗan jagora kar ka ce kai kaɗai za ka zaga. Duba kaurin bango, da ramin da aka haƙa a gaban ƙofa, da igwogin da gishirin teku ya cinye. Ka ce a nuna maka ɗakin da turawan Ingila suka tsare sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, su a 1872 suka karɓi wajen daga hannun Holan.

Kurkukun bayi kuwa don Allah ka shiga da natsuwa, banda dariya, banda hayaniya. Duhu ne da zafi, iska da ƙyar take shiga, ga gwamna yana kwana a bene a samansu, ga wata siririyar ƙofa ta zuwa jirgi wadda in an fita ba dawowa. Wallahi sai jikinka ya yi sanyi. Ka musu addu'a, 'yan Adam ne aka raba da iyayensu da 'ya'yansu.

In da sauran lokaci ka ƙarasa Cape Coast, bai kai kilomita 15 ba, turawan Suwidin ne suka fara gina kagararta a 1653. Riƙe ruwan sha, ka sa takalmi mai kama ƙasa, matakalan suna da santsi.