Kurakuran da Aka Fi Yi a Ɗakin Gwaje-gwaje da Yadda Ake Gyara Su

Mutane da yawa sun ɗauka duk safar hannu ɗaya ce, kuma wannan zato ya taɓa cin rai. A watan Agustan 1996, Farfesa Karen Wetterhahn ta Kwalejin Dartmouth da ke Amurka, ƙwararriya a kan gubar ƙarafa, tana sanye da siririyar safar roba sai 'yan ɗigo na wani sinadari mai ɗauke da zaiba suka zubo mata a hannu. Cikin daƙiƙoƙi suka ratsa robar. Ta rasu a watan Yunin 1997. Kafin ka sa safa, duba takardar bayanin sinadarin ka ga irin wadda ta dace da shi. In ta ɓaci, cire ta nan take, kada ka taɓa waya ko mariƙin ƙofa da ita.

Sai sutura. Gyale, dogon hijabi da hannun riga mai faɗi ba sa shiri da wutar gwaji, musamman yadin nailan da ke narkewa ya manne a fata. A tura hijabin cikin farar riga ta auduga, a ɓalla maɓallai. Silifas kuwa a bar su a gida, a sa takalmi sau-ciki. Gilashin ƙara gani ba tabaran kariya ba ne, tunda gefensa a buɗe yake.

Alamomin haɗarin sinadarai guda 9 ne a tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar, kowacce a cikin jan layi mai kusurwa huɗu. Biyu aka fi rikitawa: harshen wuta shi kaɗai na nufin abin yana kamawa da wuta, harshen wuta a kan da'ira kuma na nufin yana rura wutar wani. Haɗa sinadarai masu waɗannan alamomi biyu a kabad ɗaya ganganci ne.

Wajen surka asid, asid ɗin ake tsiyayawa cikin ruwa a hankali. Wanda ya zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, zafi zai sa ya tafasa ya fallatso masa a fuska. Kada a zuƙi sinadari da baki, kada a cusa hanci a kwalba, kada a juye shi a gorar ruwan sha ba tare da rubuta suna ba.

In abu ya shiga ido, wankin minti ɗaya bai isa ba. A buɗe idon a ƙarƙashin ruwa mai gudana na aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti da sunan sinadarin a rubuce.