Darasi: Jan iri da lafiyar tsuntsaye

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Maradi, manomi kan zuba irin gero a ƙwarya, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya barbaɗa garin magani, ya cakuɗa har ƙwayoyin su yi ja. Wasu daga cikin waɗannan magunguna suna ɗauke da gubar da masana ke kira niyonikotinoyid, wadda aikinta ya yi kama da na nikotin ɗin da ke cikin taba. Apron Star da ake sayarwa a rumfunan kayan noma yana ɗauke da ɗaya daga cikin danginta mai suna tiyametoksam, wata kuma mai suna imidakulofirid ta shiga kasuwa tun 1991. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne, domin suna kare iri da yabanya daga ƙwari. Sai dai duk ƙwayar da ta faɗi bakin rami, diddige bai rufe ta ba, ta zama abincin kurciya da makwarwa da zabin gida.

Jijiyoyi gubar take kamawa. Tana manne wa wurin da jijiya ke karɓar saƙo, ta hana shi hutawa, sai ƙwaro ya yi ta karkarwa har ya mutu. Kamun da take wa jijiyar ƙwaro ya fi wanda take wa ta tsuntsu ƙarfi, shi ya sa aka daɗe ana zaton tsuntsaye sun tsira. Amma tsuntsu ƙaramin jiki gare shi, ƴan ƙwayoyi kaɗan sun ishe shi. Za a gan shi yana tangaɗi, fukafukai a sake, ya ƙi ci, ko an matso shi ba ya tashi, kuma a wannan hali shaho da mage ba su shan wahalar kama shi. A wani bincike da aka wallafa a 2019, masana a Kanada sun bai wa wasu ƙananan tsuntsaye masu ƙaura imidakulofirid gwargwadon abin da ke jikin ƴan ƙwayoyin iri. Cikin awa 6 suka rasa kashi 6 cikin 100 na nauyinsu, suka kuma yi jinkirin kusan kwana uku da rabi kafin su ci gaba da tafiya.

Akwai kuma lahanin da ido ba ya gani, kuma a ganina shi ya fi shafar mai kiwo. A Sifen an ciyar da wani jinsin makwarwa da alkama mai magani. Waɗanda suka ci mai yawa duk sun mutu cikin kwana 21, waɗanda suka ci kaɗan kuwa sun rayu, amma ƙwan da suka saka ya ragu, ƴaƴansu kuma suka fito da raunin garkuwar jiki, wato ƙarfin da jiki ke yaƙar cuta da shi. Mu tuna cewa lokacin shuka shi ne lokacin da zabi ke fara ƙwai, kuma kowace mai kiwo ta san yadda ƴan zabi ke saurin mutuwa da damina ko da ba a ƙara musu wani rauni ba. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikin waɗannan magunguna a gonakin fili tun 2018, musamman saboda ƙudan zuma.

Don haka a cakuɗa iri nesa da tsakar gida, bayan an kulle kaji da zabi, da safar hannu ko leda, a cikin ƙwaryar da ba za ta sake komawa ɗakin girki ba. A gona, mai bin sungumi ya tabbata ya danne kowane rami, inda iri ya zube kuma a tone a binne shi nan take. Ragowar jan iri ba a watsa wa kaji, ba a wanke shi don a daka, kuma ruwan wankin ƙwaryar ba a zuba shi a tabki ko kusa da kaskon shan ruwan kaji, domin gubar tana narkewa cikin ruwa. Wanda ya tarar da matattun tsuntsaye a gona bayan shuka, kada ya bar yara su gasa su. Ya binne su, ya sanar da malamin gona.