Babi Na Huɗu: Ƙwayar Ciwon Suga Mai Farawa Da G-L-I

Darasi na 1

Iyayena, kowa ya fito da kwalin maganinsa, ya ɗora yatsa a kan sunan. Harufa uku na farko muke nema: G, L, I. A hankali, ba sauri muke ba. Glibenclamide, gliclazide da glimepiride duk 'yan gida ɗaya ne. Wanda nasa ya fara da M, metformin ke nan, aikinsa daban.

A bayan tumbi akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da insulin, shi kuma ya kwashe suga daga jini ya kai wa tsoka. Ƙwayar nan tatsar fankiriyas take yi, kamar mai tatsar saniya. Kun ci abinci, za ta tatsa. Ba ku ci ba, za ta tatsa, sai insulin ya kwashe ɗan sugan da ya rage.

Saboda haka in an haɗiye ƙwaya, a ci abinci. Mu faɗa tare: ƙwaya, sai abinci. Madalla. Ku rubuta shi sau biyar.

Wata Hajiya a ajinmu na Aboabo a Kumasi ta sha tata bayan asuba, ta wuce mai koko da ƙosai don kada mota ta bar ta. Kafin hantsi tana rumfarta a kasuwar Kejetia, gumi ya jiƙa mata mayafi, hannu na karkarwa har ta kasa ƙirga canji. Suga ne ya faɗi. A na'urar gwaji, ƙasa da 4 ke nan. In haka ta faru, a jiƙa dunƙulen sukarin shayi 4 a ruwa a sha, a jira minti 15, sannan a ci abinci sosai. Wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibitin Komfo Anokye ko asibiti mafi kusa.

Haba Alhaji, jiya ma ka ce shayi kawai ka sha! Sau nawa zan faɗa? Glibenclamide kan wuni yana aiki a jiki, don haka abincin rana ma ba a tsallake shi. Ƙwaya, sai abinci. A sake rubutawa.

Darasi na 2

Kafin azumi ya kama, a je wajen likita ya gyara lokacin shan magani. In jiri da karkarwa sun zo da rana, a karya azumin.

Darasi na 3

Tsofaffi da masu ciwon ƙoda su sanar da likita kafin su fara wannan ƙwaya.