Ɗaki da shagon aiki a rufi ɗaya: kurakuran da ake yi wajen zaɓar ƙashin ginin ƙarfe

Makaniki ko kafinta ya samu ɗan fili a bayan gari, yana son ya kafa shagon aikinsa, ya haɗa da ɗaki da falo a gefe. Bulo da siminti sun yi tsada, sai hankalinsa ya koma kan ƙarfe da kwano. Shawarar ba ta da laifi. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen zaɓar ƙashin ginin, wato abin da zai riƙe rufi da bango.

Hanyoyin uku ne. Akwai turakun katako ko na ƙarfe da ake kafawa a rami, irin rumbunan gonakin Amurka. Akwai manyan ƙarafa masu kauri da ake ɗaurewa da noti a kan kankare. Akwai kuma bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu da mai walda ke haɗawa a wurin, wanda shi aka fi gani a wajenmu.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne mutum ya fara zuwa Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ya tambayi farashi, sannan ya dawo ya tsara gini daidai kuɗinsa. Da faɗin shagon ya kamata a fara. Ɗakin kwana mai mita 4 ba ya wahalar da ƙarfe, domin bango na kusa da bango. Amma shagon da mota za ta shiga ta juya yana iya kai mita 9 ko 10 ba ginshiƙi a tsakiya, kuma lanƙwasar ƙarfe ba ta tafiya daidai da tsawonsa. Idan ka ninka tazarar sau biyu, kana amfani da ƙarfe iri ɗaya da nauyi iri ɗaya a kowace mita, lotsawar tsakiya tana ninkuwa sau 16. Shi ya sa za ka ga rufin shago ya yi ciki tun bai shekara ba. Gyaran shi ne a raba aikin: ƙarfe mai kauri a ɓangaren shago, bututu marar nauyi a ɓangaren ɗakuna. Kuma in kana da niyyar rataya sarƙar ɗaga injin mota, ka faɗa wa injiniya tun farko, ya ware mata ƙarfenta. Rafta, wato ƙarfen da ke ɗauke da kwanon rufi, ba ta wannan aikin ba ce.

Na biyu, mutane na lissafin nauyin da ke danna rufi ƙasa, su manta da iska. Guguwar farkon damina ɗaga rufi take yi sama. Ta shiga ta babbar ƙofar shago, ta cika ɗakin, ta tura kwanon daga ciki, wadda ke wucewa ta sama kuma tana tsotsarsa. Gidan ƙarfe ba shi da nauyin da zai riƙe kansa, don haka duk ƙarfinsa na ga ɗaurinsa da ƙasa. Kada a soka ginshiƙi a rami a watsa masa ɗan siminti a ce an gama. A binne dogayen ƙusoshi masu lanƙwasasshen gindi cikin kankare, a yi wa ginshiƙin faranti a ƙafa, a ɗaure da noti. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa, kada a yi gaggawar ɗora masa kaya. Sannan a sa ƙarfen gicciye a bango da cikin rufi. Masu walda da yawa na tsallake shi don ba ya ƙara kyau, alhali shi ke hana ginin karkata.

Kaurin ƙarfe ma ana cutuwa a kai. Bututu biyu za su yi kama a ido, ɗaya milimita 1 ɗaya milimita 2. Ka je da ma'auni, kada ka dogara da bakin mai sayarwa.

Wanda ya zaɓi katako don sauƙi, ya tuna da gara. Kada katako ya taɓa ƙasa, a ɗora shi kan kankare. Mai ƙarfe kuma abokin gabarsa tsatsa ce, kuma daga wurin walda take farawa, inda wuta ta ƙone rigar ƙarfen. A goge wurin sosai, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora kwano, ba bayan an rufe ba.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, domin ya shafi iyali. Mai gida yana tunanin shagonsa, ya manta mata da yara ne za su wuni a ɗakin. A watan Afrilu zafin Kano na haura digiri 40, ƙarfe kuwa yana kai zafi ciki fiye da katako sau ɗaruruwa. Idan aka manna silin kai tsaye jikin ƙarfen, ɗakin ya zama murhu. A ɗaga rufin, a bar sarari tsakanin kwano da silin, a buɗe wa iska mafita a sama, a sa abin tare zafi. Duk wannan a lokacin tsara ƙashin gini ake yanke shi, domin ginshiƙin da aka riga aka gajarta ba ya ƙaruwa cikin sauƙi.

Bangon da ke tsakanin shago da ɗaki kuwa kada a yi shi da kwano ko falanki. A yi shi da bulo, a kai shi har ƙarƙashin rufi ba tare da kafa ba. Shago wuri ne na fetur da tartsatsin walda, ƙarfe kuma ko da ba ya cin wuta, yana rasa kusan rabin ƙarfinsa idan zafi ya kai wajen digiri 600. Janareta a waje za a ajiye shi, nesa da taga, saboda gubar hayaƙinsa ba ta da wari. A ƙarshen aiki mai lantarki ya haɗa ƙashin ginin da sandar da aka binne a ƙasa, domin waya ɗaya da robarta ta saɓule ta taɓa ginshiƙi ta isa ta sa wa gidan gaba ɗaya wutar lantarki.