Waya ta ce wuri ya cika? Ga yadda za ka gano abin da ya cinye shi da taminal

Yawancin masu son koyon taminal, wato allon da ake ba kwamfuta umarni da rubutu, sukan fara ne da haddace umarni hamsin a takarda, bayan sati biyu kuma duk sun zube. Ni dai shawarata ka kama aiki ɗaya na gaske ka yi shi da hannunka, umarnan da kansu za su zauna maka a ka. Aikin da na zaɓa mana kowa ya san shi, wato waya ko kwamfuta ta fara kukan wuri ya cika kai kuma ka duba ka duba ba ka ga abin da ya cinye ba.

Da farko sai ka buɗe baƙin allon nan. In Ubuntu ce a kwamfutarka danna Ctrl da Alt da T tare zai fito, in Mac ce nemi Terminal, mai Windows kuma ya saka WSL ya samu Linux a ciki. Wanda waya kawai gare shi kar ya ce ba shi a ciki, akwai manhajar Termux a Android, ana iya saukewa daga F-Droid, wata kasuwar manhajoji. Kana buɗe ta ka rubuta termux-setup-storage ka ba ta izini, za ta yi maka folda mai suna storage wadda ta nan za ka riƙa shiga hotuna da bidiyoyin wayar. Abin da ke karɓar rubutunka yana aiwatarwa shi ake kira shell, galibi bash ne wanda Brian Fox ya rubuta wa GNU a 1989, su Mac kuma sun koma zsh tun 2019, amma duk abin da zan kawo a nan yana aiki a duka biyun.

Abu uku ne za ka riƙa yi kullum. pwd yana faɗa maka inda kake tsaye, ls yana nuna abin da ke wurin, cd kuma shi ne tafiya. Rubuta cd ~/storage/shared a Termux, ko cd ~ kawai in a kwamfuta kake (~ yana nufin gidanka, wato babbar foldar da duk kayanka suke), sannan ls -lh ka ga sunaye da girman kowane fayil. cd .. zai mayar da kai baya hawa ɗaya. Kuma don Allah kar ka wahalar da yatsunka, rubuta haruffa biyu uku na farkon suna ka danna Tab zai ƙarasa maka, a Termux maɓallin na nan a layin da ke saman kibod.

Yanzu ga ainihin aikin. df -h zai nuna maka jimillar wurin da kake da shi da wanda ya rage, amma ba zai ce maka wa ya ci ba. Wanda zai tona asirin shi ne wannan:

du -sh * | sort -h

Ka tsaya ka fahimci layin nan sosai domin rabin ilimin taminal yana cikinsa. du yana auna nauyin kowace folda, tauraron yana nufin duk abin da ke nan, sai tsayayyen layin nan na tsakiya da ake ce wa faif, aikinsa ya ɗauki abin da du ya fitar ya miƙa wa sort maimakon ya zubo maka a allo, shi kuma sort ya jera su daga ƙarami zuwa babba, saboda haka wanda ya fi kowa nauyi yana can ƙasa dab da inda idonka yake. Wannan dabarar Doug McIlroy ne ya daɗe yana neman a yi ta a Bell Labs, Ken Thompson ya saka ta a Unix, tsarin da Linux ya yi koyi da shi, a 1973, kuma har yau ita ce ta sa ƙananan kayan aikin nan suke da ƙarfi, kowanne abu ɗaya ya iya amma in ka jona su sai su yi maka abin da babbar manhaja ba ta tanada ba. Ƙara | tail -5 a ƙarshe, manya biyar kawai za su fito.

To ka ga foldar da ta fi nauyi, shiga cikinta da cd ka maimaita layin, haka za ka yi ta gangarawa har ka iso gindin matsalar. A waya sau da yawa WhatsApp za ka tarar, a Android 11 zuwa sama kayanta suna Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media. A nan za ka ci karo da suna mai tazara a tsakiya, in ka rubuta cd WhatsApp Video haka kawai zai ƙi, saboda ya ɗauka abu biyu ka ba shi, sai ka rufe sunan da alamar zance, cd "WhatsApp Video". Leƙa foldar Sent da ke ciki, bidiyoyin da ka tura wa mutane ne a jibge waɗanda galeri ba ta ma nuna maka su. Ka sani fa tauraron nan ba ya ɗauko fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, ɓoyayyu ne, ls -a ne ke nuna su.

In kuma ba ka son bin folda ɗaya bayan ɗaya, find zai yi maka zagayen:

find . -size +100M

Ɗigon yana nufin fara daga nan ka bi duk abin da ke ƙasa, zai lissafo duk fayil ɗin da ya haura mega 100. Kana iya matse shi, find . -name "*.mp4" -mtime +365 zai kawo bidiyon da ba a taɓa canza shi ba sama da shekara. Sunayen sun yi yawa? Jona masa grep, misali | grep -i biki, layukan da ke da kalmar kaɗai za su rage, -i ɗin yana sa kar ya damu da babban harafi ko ƙarami.

Nan kuma ina so ka natsu. Umarnin gogewa rm ne, kuma rm ba shi da kwandon shara, abin da ya tafi ya tafi, ba tambaya ba komai. Tazara ɗaya a inda bai dace ba tana iya jawo maka asara, wanda ya so rubuta rm -r ~/tsoho hannunsa ya kuskure ya saka tazara bayan ~/ to ya ce ne a goge duk gidansa gaba ɗaya. Shi ya sa ban yarda sabon shiga ya fara da gogewa kai tsaye ba. Yi mkdir ~/jira ka buɗe folda, kwashe abin da kake zargi ka kai can da mv, ka bar shi kwana biyu, in ba abin da ya lalace sai ka goge. In dole ne yanzu za ka goge yi amfani da rm -i, zai tambaye ka a kan kowane fayil kafin ya taɓa. Kuma duk umarnin da za ka ba rm mai tauraro a ciki, fara gwada shi da ls tukun ka ga su wa zai shafa. Haka nan kar ka kwafo layi daga intanet mai sudo a gaba ka liƙa ba tare da ka san me yake yi ba, sudo ikon mai gida ne a kan dukkan na'urar.

Abin da kake so ka adana kuma cp -r zai kwafe maka folda sukutum zuwa filash, ko ka ɗaure ta ƙunshi ɗaya da tar -czf takardu.tar.gz takardu. Rubutu yana matsuwa sosai da wannan, amma bidiyo da hoto kar ka sa rai, dama a matse suke zuwa.

Tunda wuri ya samu bari in ƙara maka ɗaya da ke cece data. In kana sauke babban fayil netwok ya yanke ko an ɗauke wuta, wget -c da adireshin fayil ɗin zai ɗora daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko, matuƙar sabar da kake saukewa daga ita ta yarda da hakan. A Termux sai ka fara yin pkg install wget. In abu ya maƙale yana ta gudu Ctrl da C zai tsayar da shi, a waya maɓallin rage sauti yana zama Ctrl. Dogon layin da ka rubuta jiya kuma ba sai ka sake ba, danna kibiyar sama ko Ctrl da R ka rubuta ɗan ɓangarensa zai dawo, in ka manta me wani harafi yake yi kuma rubuta sunan umarnin ka bi shi da --help, kamar du --help, ko man du a kwamfuta, q ne ke fitar da kai daga man.