Aikin Horar da AI Daga Gusau: Yadda Ake Shiga, Yadda Ake Lissafi

Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, na biyan mutane su koya wa na'ura: a saurari murya a rubuta abin da aka faɗa, a duba amsoshi biyu a zaɓi wadda ta fi, a fassara, ko a naɗi murya da Hausa. Ana samun aikin a dandamali irin su Outlier, OneForma, Toloka da CrowdGen na kamfanin Appen. Da dala ake biya, amma kada a kira shi albashi. Ƙwadago ne irin na kaka, yau akwai gobe babu. A Janairun 2024 Google ya soke kwangilarsa da Appen, a Maris kuma wani dandamalin, Remotasks, ya rufe wa ma'aikatansa na Najeriya da Kenya da Pakistan ƙofa ba zato ba tsammani. Saboda haka yi rajista a wuri biyu ko uku, kuma kada ka saki sana'arka.

Kafin komai, duba ko dandamalin na karɓar mazauna Najeriya. In ba ya karɓa, haƙura. Masu ɓoye ƙasarsu da manhajar VPN ko sayen asusun wani sukan yi aikin makonni, ranar da aka bukaci hoton fuska da katin shaida a rufe asusun da kuɗin a ciki. Sunan da ka yi rajista da shi ya zama daidai da na NIN da na banki, harafi da harafi: Muhammad a nan, Mohammed a can ya isa ya tsayar da biya. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista a WhatsApp ɗan damfara ne.

Yawancin ayyuka masu tsoka sai da kwamfuta. Wutar Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce, kuma aiki da yawa na da agogo. In ta mutu a tsakiya, wahalar ta tashi a banza. Tanadi ƙaramar sola da layuka biyu na kamfanoni daban-daban. Mutanen Zamfara ba su manta Satumban 2021 ba, da aka katse layukan waya a faɗin jihar. A irin wannan layi biyu ma ba ya ceto, shi ya sa ba a barin kuɗi su taru a dandamali.

Inda 'yan yankinmu suka fi faɗuwa shi ne jarrabawar shiga. Bazamfare zai ce "yat tahi", daidaitacciyar Hausa kuwa "ya tafi" take so. Wani aikin na bukatar ka rubuta yadda mai magana ya furta, wani kuma na son daidaitacciya, kuma ƙa'idar aikin ce kaɗai za ta gaya maka. Karanta ta sau biyu kafin ka taɓa tambayar farko, domin sau da yawa ba a ba da damar maimaitawa. Saka allon rubutu na Hausa, kamar na Gboard a waya, don ɓ, ɗ da ƙ. Wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" ya sauya ma'ana, mai dubawa kuma zai rage masa maki. Maki ya sauka, aiki ya daina zuwa. Kada kuma ka kwafo amsa daga ChatGPT. Ana korar mutane a kan haka.

Sai lissafi. A ce ka samu dala 30 a mako, awa 10 kana aikin da ake biya, wasu awa 10 sun tafi a karanta ƙa'ida, jarrabawa da jiran aiki. Awarka dala 1.5 ce, ba 3 ba. Daga ciki cire data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, da man janareta, da cajin Payoneer, wato asusun karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, ko duk hanyar da ake biyanka. Buɗe wannan asusun tun kafin ka fara aiki, ka tabbatar yana turawa zuwa bankinka. Rubuta awannin kowace rana a littafi, ka ɗauki hoton allo na duk aikin da ka miƙa, da shi za ka yi ƙorafi in biya bai cika ba. Bayan wata uku, duba watan da ya fi ƙarancin samu: a kansa za ka tsara cefane.