Hawan jirgin sama karo na farko daga Katsina

Tun daren tafiya ka haɗa tikiti da katin shaida mai hoto: katin ɗan ƙasa, lasisin tuƙi ko fasfo. Duba sunanka da kyau, dole ya zo daidai da wanda ke kan tikitin.

Wajen shirya kaya a kula. Wuƙa, almakashi da manyan kwalaben turare su shiga babbar jaka da za a auna. Power bank kuwa, da magani da kuɗi, su zauna a jakar hannu. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani ba, ko da na ɗan'uwa ne. Wannan ba abin jin kunya ba ne, domin kai za a tambaya.

Ka isa filin jirgin Umaru Musa Yar'aduwa da saura awa 2. Idan lokacin hunturu ne, kira kamfanin jirgin kafin ka fito, hazo kan jinkirta tashi.

A kantar kamfanin jirgin za a auna kaya a ba ka takardar shiga jirgi, sannan binciken jami'an tsaro. Yi alwala kafin a kira fasinjoji.

Nemi lambar kujerarka, ɗaura bel, kashe sabis ɗin waya. In kunnuwa suka toshe, haɗiyi yawu ko ka tauna cingam.